Na Kai Ƙarar Mai Yanke Mini Furen Tumatir

Jiya da daddare wani mafarki ya zo mini, irin wanda in ba ka ba wani labarinsa ba sai ya wuni yana yi maka kai-kawo a ƙirji. Amma kafin in shiga cikinsa, bari in gaya muku abin da na kwanta da shi a zuciya, don kar ku ce tuwon dare ne ya yi wa tsohuwa yawa.

Sunana Marka, mutanen unguwa na ce mini Goggo Marka. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina aikin ungozoma, kafin idona ya ce ya gaji. Watannin baya ina gyara akwatin ƙarfen marigayiya Innarmu, sai na ci karo da wani ɗan ƙulli a bakin tsohon zanenta. Na kwance, sai ga irin tumatir guda tara, sun bushe kamar riɗi. Tumatirin Inna ne, ɗan ƙarami mai tsaga-tsaga kamar gauta, wanda guda biyu ke tayar da tukunyar miya. Yau ko ka zaga kasuwa har ta watse ba za ka same shi ba, kowa ya koma wa dogon nan na kwando. Na shuka taran a bayan ɗakina, uku suka fito.

Da suka fara fure, sai ungozomar da ke jikina ta motsa. A wurina, duk abin da ke shirin ɗaukar ciki ba a barin iska ta buge shi. Na sa aka kewaye su da tsofaffin kwanon rufi ta ko'ina, musamman saboda bunsurun maƙwabcina Malam Cindo da ya sa musu ido. Na cire gidan saurona na lulluɓa musu daga sama, na danne gefe da gefe da duwatsu. Ni sauro ya ci ni, su dai su zauna lafiya. Ga shi bazara ta kama, zafi har da safe.

Furen ya fito rawaya gwanin sha'awa. Amma kowace safiya sai in tarar da shi a ƙasa, an cire shi daidai wata 'yar gaɓa da ke jikin tsinkensa, tsaf, kamar da reza. Sati uku ana haka. Jiya da yamma na ƙirga, fure biyar suka rage a reshe ɗaya. In suka zube, irin Inna ya ƙare, kuma a hannuna ya ƙare.

Na kira jikata Ramlatu, mai karatun aikin gona a Zariya. Ta ce, "Goggo, ai shuka ma tana da 'yan aike a cikin jikinta, kamar yadda mace ke da su. Su ke gaya wa fure ya girma, su sa ɗan garin nan rawaya da ke cikinsa ya ƙosa, su ce ya zauna ko ya faɗi." Ta jero mini sunayensu, wai oksin da jibaralin da etilin. Na ce, "Ke Ramlatu, waɗannan ai magungunan tari ne." Tana dariya, ta fara tambayata a ina na shuka su, sai wayata ta mutu. Na kwanta da haushin ko wane ne ke yanke mini fure.

Sai na gan ni tsaye a gindin tumatirin, rana tsaka, gindin kuwa ya kai kuka kauri. Akwai ƙofa a jikinsa, an rubuta a samanta cewa masu fita kaɗai ke shiga ta nan. Tun da ni ba fita zan yi ba, na tsaya ina shawara. Ƙofar ta gaji da jirana, ta taso ta wuce ta kaina. Shi ke nan, na shiga.

Ofis ne babba, da fanka tana tsaye cik, ɗakin ne ke juyawa a hankali a kewayenta. Bunsurun Malam Cindo na zaune a bayan tebur, da tabarau, da hula an huda mata wurin ƙaho. Awaki biyu na gefe suna buga tafireta da kofato.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna."

"A nan sai an dawo ake tafiya. Zauna."

Na zauna. Kujerar ta ce wash, ta gyara zama a ƙarƙashina.

Na ce, "Ƙara na kawo. Wani na yanke mini furen tumatir."

"Kin zo da shaida?"

Na kwance bakin zanena na zube masa busassun furen da na yi ta tsincewa. Ya gyara tabarau, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya sa harshe ya kwashe su tas.

"An shigar da shaida."

"Kai ɗan nema, cinyewa ka yi!"

Ya shafa cikinsa. "Nan ne ma'ajiyarmu, Goggo. Ba a taɓa yi mana sata ba."

Ya jawo wata takarda ya karanta daga ƙasa zuwa sama, ya ce wanda nake ƙara sunansa Mai-Saki, kuma wurin aikinsa can sama ne, a Gaɓa. Ya ce yau da la'asar zai yanke biyar ɗin da suka rage, an riga an sa a jadawali.

Na ce, "To ka hana shi mana, ba kai ne babba ba?"

"Ni akuya ne, Goggo. Ban taɓa hana kowa taɓa shuka ba. Mutum ɗaya yake jin maganarsa, Mai-Riƙe. Shi kuwa sati uku ke nan ba a ga ƙeyarsa ba."

Ya kama tafin hannuna ya buga mini hatimi da kofato, ya cinye takardar, ya ce in bi ruwan sama.

A waje ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutanen garin kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a cikinta. Kwaɗi na ta faɗawa cikin gajimare. Na tambayi wata mata dalili, ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa tuwo ke da zafi, ta ce, "To saiwa tana ƙasa, ganye yana sama, ta ina kike so ruwan ya bi?" Na ga kuwa gaskiyarta. Na tattare zanena na zauna a kan wani ɗigo mai faɗi. Ciwon bayana, da muke tare shekara tara, ya ce shi ba ya son tsayi, zai jira ni a ƙasa. Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Ɗigon ya ɗauke ni ta cikin wani dogon rami kore mai sanyi.

A cikin fure ya sauke ni. Wani zaure ne rawaya mai siffar bukka, sama a tsuke, ƙasa a buɗe. Zafin da ke ciki kuwa, ko gidan burodi albarka. Wani mutum na tsaye a tsakiya, tsawonsa ya sa ban ga fuskarsa ba. Na gaishe shi, sai da na ƙirga goma amsar ta sauko.

Ya ce, "Lafiya lau, Baba. Ni ne Dogo. Ni ne jikarki ta kira jibaralin. Aikina miƙa abubuwa. Ni na miƙa tsinken nan, ni na miƙa bangon zauren nan, ni na yi rainon garin furen da ke cikin bangon."

Ya durƙusa, abin ya ɗauki lokaci, ya nuna mini wata 'yar tsaga in leƙa. A cikin bangon akwai dogayen ɗakuna cike da wasu mitsi-mitsin mutane kewayayyu, sanye da riguna rawaya, kamar bununin gero aka ba ƙafafu. Rabinsu na kwance a yamutse, ba sa motsi. Sauran na zaune, kowa da ƙullin kayansa a cinya, kamar matafiya a tashar da mota ba ta zuwa.

Na ce, "Waɗancan na kwancen fa?"

"Zafi ya dafa su tun ba su ƙosa ba. Na yi iyakar yina. Su dai ba za su tashi ba."

"Na zaunen me suke jira?"

"Girgiza. Ƙofarsu ba ta da mabuɗi, sai an jijjiga gidan suke zubowa. Da iska ke yi mana, ko baƙin ƙudan nan mai ƙugi da ke huda azarar rumfa. Sati uku ba mu ga ko ɗaya ba."

Wani daga cikin na zaunen ya ɗago kai ya ce, "Baba, ko atishawa ce ki taimaka mana da ita." Na yi ƙoƙari, ta ƙi zuwa.

Dogo ya kai ni bakin wani ɗan rami a tsakiyar zauren, muka leƙa ƙasa. Can ciki wani ɗaki ne kore, an share, an shimfiɗa tabarmi ƙanana sun fi hamsin, babu kowa a kansu. A bakin ƙofa wani gajeren mutum mai tumbi na zaune, takalmansa a ƙafa, sandarsa a hannu, kumatunsa a kumbure kamar mai busa algaita.

Dogo ya ce, "Ga Mai-Riƙe, shi ne oksin. Kar ki gaishe shi, ba zai amsa ba. Saƙon yana cikin bakinsa, in ya buɗe zai zube. Ba ya tashi sai garin fure ya sauko ɗakin nan, ya tabbata ciki ya shiga. Sannan ya kai wa Mai-Saki saƙo a Gaɓa cewa a bar wannan."

"In saƙon bai je ba fa?"

"Sai a sauke furen. Uwar shukar ba za ta yi ta aika abinci ɗakin da babu kowa ba."

Wannan kam ban buƙaci a maimaita mini ba. Na daɗe ina ganin yadda jiki ke yanke shawararsa ba tare da ya tambayi mai shi ba.

Sai na gan ni a kasuwa, a kan wani faffaɗan ganye. Ba a sayar da komai a kasuwar sai inuwa. Wasu a mudu, wasu a kwalba, wani ma ya ninke tasa kamar atamfa. A ƙarƙashin wata rumfa wadda ita kanta ba ta da inuwa, don an sayar, na hango wata mata mai wushirya tana aunawa, tana yi wa mudu tozo da gefen hannu. Ba wanda ke yi wa mudu tozo haka sai mutum ɗaya.

Na ce, "Inna!"

Ta ɗago. Ba ta fi shekara talatin ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Marka, kin tsufa."

"Ke kuma kin yi ƙuruciya."

"Hutu ne."

Na durƙusa a gabanta. Hawaye suka zo mini, suna fita suna tafiya sama kamar sauran ruwan garin. Na ce, "Inna, irinki zai ƙare a hannuna. Biyar suka rage, kuma da la'asar za a yanke su."

Ta ce, "Bi hawayenki da kallo."

Na ɗaga kai. Hawayen sun tafi sun maƙale a jikin sama, don saman garin duk farar raga ce mai ƙananan idanu. Can gefe ga wani faci da shuɗin zare, ɗinkin a karkace. Na san ɗinkin, ni na yi shi da damina. Na duba gabas, na duba yamma, kudu da arewa, ko'ina kwanon rufi ne tsaye yana huci.

Inna ta ce, "Wa ya sa garin nan zaman jego?"

Ta ci gaba da auna inuwarta tana magana.

"Ni a bayan madafa nake watsa shi. Kaji su bi ta kai, iska ta yi wasa da shi yadda ta ga dama. Ke kuwa tun kina yarinya haka kike. Kin tuna ɗan tsakon da kika fi so, kika kife shi da ƙwarya don kar shaho ya gan shi?"

Na tuna. Na ce, "Don ina son su ne, Inna."

"Na sani. Su ma sun sani. Shi ya sa sati uku suna ta yi miki sabon fure, ba su yi fushi ba."

Ta auna inuwa mudu ɗaya ta juye mini a bakin zane, mai sanyi kamar ruwan randa. Ta ce, "Wannan ta bayan azahar ce kawai, ba ta wuni duka ba. Ki yafa musu ta yamma, sauran ki bar wa Allah da iska. Tashi, rana na tafiya." Na so in ƙara zama, in tambaye ta ko tana cin abinci, amma ta riga ta juya tana yi wa wata fara ciniki.

Na koma wurin Dogo na ce, "Ɗana, kai da ke miƙa abubuwa, miƙa mini hannun nan." Ya kama yatsuna ya ja a hankali. Hannuna ya yi ta tafiya, ya wuce zauren, ya wuce kasuwa, har na ji raga a tafina. Na damƙa na fizgo. Saman ya sauko gaba ɗaya kamar shanya, na ninke shi huɗu na sa a hammata. A bayansa ga wani saman, shuɗi, na ainihi. Kwanukan da suka ga haka suka dubi juna, suka kwanta da kansu. Na watsa inuwar Inna ta yamma, zauren ya sauke ajiyar zuciya.

Iska ta zo bakin ƙofa ta yi sallama. Na ce ta shigo. Ta ce ita da aka kora sati uku, kunya take ji, sai ta saba tukuna. Ta ɗan taɓa bango da yatsa ɗaya, ko motsi bai yi ba. Na duba rana, ta karkata.

Sai muka ji wata murya daga can ƙasa. Bunsurun ne, ya fito daga ofis, ya cire hula da tabarau ya ba awakinsa su riƙe.

Ya ɗaga murya ya ce, "Goggo, ki shaida, wannan ba aikin ofis ba ne. Sha'awa ce ta kaina."

Ya ja da baya taku bakwai, ya sunkuyar da kai, ya zo ya gabza wa gindin tumatirin karo. Garin duka ya kaɗa. Bangon zauren ya buɗe ta ciki, masu rawayen riguna suka zubo kamar ana tankaɗe, suna ihu suna ban kwana da juna. Suka rufe ni har gira. Wasu suka dace da bakin ramin nan, suka zura ƙafa suka sauka. Na leƙa, sai ga tabarmin ɗakin ƙasa sun fara cika.

Na ce wa bunsurun, "Allah ya yi maka albarka. Ashe na zalunce ka."

Ya ce, "Ba ki zalunce ni ba. Da kin bar shi a buɗe da na cinye. Ki yi danga ta kara, iska ta wuce, ni in tsaya."

Mai-Riƙe ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya kama hanya. Amma wace irin tafiya! Taku ɗaya, ya tsaya, ya miƙa sanda, ya sake taku ɗaya. Na ce ya yi wa Allah ya ɗaga ƙafa. Dogo ya ce ba a gaggauta shi, daga ɗaki zuwa ɗaki yake bi, ba ya tsallake ko ɗaya, haka aka halicce shi. Na ce in goya shi, aka ce in an goya shi saƙon ba ya karɓuwa. Inuwa kuwa ta kusa kai ta la'asar. Na bar shi a baya, na ruga Gaɓa. Rabon da in yi gudu irin wannan tun ina amarya.

Gaɓa wata 'yar gada ce inda tsinken fure ya haɗu da reshe. Gadoji biyar ne a jere, kowace da furenta a ƙarshe. Na zo da shirin ganin wani ƙato mai jajayen idanu. Sai na tarar da wani siririn dattijo cikin farar riga tas, yana zaune a kan buzu, yana goge reza da tsumma mai tsabta. Ƙamshin nunannen mangwaro ke tashi daga jikinsa.

Na ce, "Kai ne Mai-Saki?"

"Ni ne. Wasu na ce mini etilin. Ke ce kika kai ƙarata."

"Ni ce. Sati uku kana yi mini ɓarna."

Ya ce, "An ce ke ungozoma ce. Cibiya nawa kika yanke?"

"Ban ƙirga ba."

"An taɓa kai ƙararki?"

Ya ci gaba da goge rezarsa, ya ce shi bai taɓa yanke abin da aka ce masa a riƙe ba. Ya ce in Allah ya sa tumatirin ya ƙosa, shi ne dai zai zo ya mayar mini da shi ja, ya sa masa taushi, kuma a ranar ba wanda zai tuna ya gode masa. Sannan ya dubi inuwa, ya yi bisimilla, ya tashi ya ɗora reza a kan gada ta farko.

Na waiwaya. Mai-Riƙe na can nesa, kamar ƙwayar gero. Ba ni da ƙarfin riƙe hannun dattijon, ba ni da hujjar hana shi. Abu ɗaya na lura da shi, mutum ne mai tarbiyya. Mai tarbiyya kuwa ba ya aiki ana gaishe shi.

Na durƙusa na ce, "Af, Malam, ka ga na zo da faɗa ko gaisawa ba mu yi ba. Ina wuni?"

Ya ɗaga rezar kaɗan. "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ya iyali? Ya yara? Ya zafin nan?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Zafi lokacinsa ne." Ya mayar da rezar.

"Ya mai jiki?"

Ya sake ɗagawa. "Ba mu da mara lafiya."

"Madalla. To ya wanda zai kwanta nan gaba?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ashe ganyen ƙasa ya faɗi? Ban samu zuwa ba. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. Ni na sauke shi ma."

"Allah ya jiƙansa duk da haka. Ya mangwaro? Ya ayaba? Ina labarin gwanda, tana nan da halinta?"

Ya amsa su duka, ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Na gaida rezarsa. Na gaida maƙerin da ya ƙera ta, da matan maƙerin, da surukansa na Bichi. Na yi masa barka da sallar da ta wuce, da wadda ba ta zo ba. Na tambayi buzunsa, na tambayi ragon da aka yi buzun da fatarsa, ya ce ragon yana gaishe ni. Duk tsawon rayuwata ana ce mini na cika surutu, mai gidana marigayi har cewa yake in na je ɗebo wuta sai an aika a ɗebo ni. Ban taɓa sanin ranar da abin zai yi amfani ba sai jiya.

Daga ƙarshe gaisuwa ta ƙare mini ƙaf. Na lalube kaina, babu ko ɗaya. Dattijon ya ce, "To, Baba, mun gaisa." Ya gyara tsayuwa.

Na ce, "Tsaya. Ɗazu a tsaitsaye na yi. Ina wuni?"

Ya rufe ido ya ce, "Lafiya lau."

Muna kan surukan maƙeri a zagaye na biyu, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a bayana. Mai-Riƙe ya iso. Ya tsaya a gada ta farko, ya buɗe baki, wata 'yar ƙaramar kalma ta fito ta zauna a kan gadar.

"Riƙe."

Ya matsa ta biyu. "Riƙe." Ta uku. "Riƙe." A ta huɗu ya buɗe baki, babu komai. Ya girgiza kai, ya zauna yana haki.

Gadoji ukun nan suka yi kauri a gaban idona, suka yi kore shar. Mai-Saki ya dube ni, ni ma na dube shi. Na ce, "Yi aikinka, Malam." Ya yanke biyun da suka rage, a hankali, yadda ni ma zan yi. Na tara hannu na karɓe su, ba su da nauyi ko kaɗan.

Ya ninke rezarsa ya ce, "Uku sun ishe ki. Kin ga yawan tabarmin da ke ɗaki ɗaya, kowace tabarma ƙwayar iri ce."

Na ce, "Na janye ƙarata."

Daga can ƙasa bunsurun ya ce, "Ai tuni na cinye ta."

Sai na shiga yi musu godiya. Na gode wa Mai-Riƙe da bai zubar da saƙo ba, na gode wa Dogo, godiyar ta kama hanya tana hawa. Na gode wa iska da ta fara sakin jiki tana kaɗa mini ɗankwali. Na juya wajen kasuwa in kira Inna, in gaya mata uku sun tsaya. Na buɗe baki, amma maimakon sunanta sai wata ƙara ta fito, ƙurr, ƙurr, ƙurr.

Na buɗe ido. Uwani ce, matar Malam Cindo, ke kankare ƙanzon tukunya a bayan katanga. Gari ya waye, ciwon bayana na nan ya jira ni kamar yadda ya ce.

Ina idar da salla na fita. Na ɗage duwatsun, na yaye ragar, na ture kwanukan, na bar ɗaya ta yamma. Fure ɗaya na ƙasa, huɗu na sama. Na tsince na ƙasan ban yi tsaki ba. Na jira hantsi ya ɗaga, raɓa ta bushe, sannan na tara farcen babban yatsana a ƙarƙashin wani fure, na ɗan ƙyasta tsinkensa da ɗaya hannun. Na kai farcen kusa da idona mai gani. Ga shi nan, ɗan gari rawaya, kamar an taɓa ni da kurkum.

Uwani ta leƙo ta kan katanga, cokali a hannu. Ta ce, "Goggo, lafiya kike ta yi wa farcenki murmushi?"

Na ce, "Zagayo ki gani."

Ta zagayo, ta sunkuya a kan furen. Na ce, "A hankali, kar ki yi numfashi a kan..." Sai na kama bakina.

Na ce, "A'a, Uwani. Hura. Hura sosai."